Lamba 720,720: mi ya sa ta fi miliyan ɗaya daɗin rabo?

Jama'a salamu alaikum. Ranar Asabar da ta wuce wajen lesin da nike yi ma yara 'yan sakandare nan Mabera na rubuta lamba biyu ga allo, 1,000,000 da 720,720, na ce masu su gaya min wacce ta fi girma, kowa ya ce miliyan mana Malam, na ce to mun yarda, amma wacce ta fi yarda a raba ta? Nan aji ya yi tsit. Wani yaro daga baya ya ce ai Malam wadda ta fi yawa ita za ta fi rabuwa, kuma wallahi ba shi kaɗai ba, manya da yawa haka suke ɗauka, shi ya sa na ga ya kamata in zauna in warware zancen a rubuce don wagga lamba ta daɗe tana burge ni.

Tun wajen faɗinta da Hausa ma sai an yi hattara. In ka ce dubu ɗari bakwai da ashirin wani zai ji 700,020 wani zai ji 720,000, don haka ni yadda nike faɗi shi ne dubu ɗari bakwai da dubu ashirin da ɗari bakwai da ashirin. Doguwa ce amma babu ruɗani.

To ɗauki miliyan ɗaya ka raba ma mutum uku, kowa ya samu 333,333 saura 1. Raba ma shida, akwai saura. Bakwai, saura. Tara, sha ɗaya, sha biyu, sha uku duk akwai saura. Yanzu ɗauki 720,720. Mutum 2 kowa 360,360, mutum 3 kowa 240,240, mutum 4 kowa 180,180, mutum 5 kowa 144,144, mutum 6 kowa 120,120, mutum 7 kowa 102,960, mutum 8 kowa 90,090, mutum 9 kowa 80,080, mutum 10 kowa 72,072, haka za ka yi ta tafiya, 11 ya ba ka 65,520, 12 ya ba ka 60,060, 13 ya ba ka 55,440, 14 ya ba ka 51,480, 15 ya ba ka 48,048, 16 ya ba ka 45,045, ko kwabo bai ragu ba. Sai ga 17 ta tsaya, nan ne za ka samu 42,395 da saura 5. Kuma ita ce lamba mafi ƙanƙanta duk duniya da kowace lamba daga 1 har 16 ke raba ta daidai, wato abin nan da ake koya muna tun firamare da sunan LCM, LCM ɗin 1 zuwa 16 kenan. Duk wadda ba ta kai ta ba sai ka samu aƙalla guda cikin sha shiddan da ta ƙi shiga.

Sirrin yana cikin abin da anka gina ta da shi. Akwai lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu, irin 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, ni gagara-rabo nike ce masu, a aji kuma firaim ake cewa. Su ne tubalin da kowace lamba ke tsaye a kai, kuma kowace lamba hanya ɗaya tak take da ita ta wargajewa zuwa tubalanta, ba biyu ba. In ka wargaza miliyan ɗaya abin da za ka tarar 2 ce sau shida da 5 sau shida, shikenan, tubali iri biyu kacal. Babu 3 a cikinta, to ta ina 3 za ta raba ta? Ita ko 720,720 ga kayan cikinta: 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13. Tubali goma, iri shida. Biyu huɗun nan su ke ba da 16 da 8 da 4, uku biyun su ke ba da 9, in kana son 14 ka ɗauko 2 da 7, in 15 ce ka ɗauko 3 da 5, in 12 ce 2 da 2 da 3. Awa mai shagon da ke da kowane irin canji a aljihu, duk kuɗin da ka miƙa mishi zai iya fasa maka.

Daga nan ake sanin yawan lambobin da ke raba ta ba tare da an zauna ana gwada su ɗaya-ɗaya ba, kuma nan ne nike so a natsu don shi ne zuciyar maganar. Duk lambar da ke raba 720,720 dole da tubalan nan anka gina ta. To wajen ɗaukar 2 kana da zaɓi biyar, ko kar ka ɗauka sam, ko ka ɗauki ɗaya, ko biyu, ko uku, ko duka huɗun. Wajen 3 zaɓi uku, babu, ɗaya, ko biyu. Wajen 5 zaɓi biyu ne, ka ɗauka ko ka bari, haka 7, haka 11, haka 13. Sai ka ninka zaɓin: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2, ya ba ka 240. Lambobi ɗari biyu da arba'in ke raba ta daidai. Yi ma miliyan irin wanga lissafi, 7 × 7, arba'in da tara kacal. Ka ga tazara, 240 da 49, alhali miliyan ta fi ta da 279,280.

Babu wata lamba ƙasa da 720,720 da ta kai masu rabo 240, wadda ta fi kusa ita ce 665,280 mai 224. Kuma har ka kai miliyan ba za ka samu wadda ta wuce 240 ba, akwai dai guda huɗu da sunka yi kunnen doki da ita, 831,600 da 942,480 da 982,800 da 997,920, amma ita ta riga su isowa. Sai an tsallake miliyan an kai 1,081,080 sannan ake samun mai 256. Irin waɗannan lambobi da kowace ke zuwa ta kafa sabon tarihi wajen yawan masu raba ta, wato ta fi duk na ƙasa da ita, su ne wani masanin lissafi ɗan ƙasar Indiya, Srinivasa Ramanujan, ya yi dogon nazari a kansu a 1915. Bawan Allah nan shekara 32 kawai ya yi a duniya, an haife shi 1887 ya rasu 1920, amma har yau ana cin gajiyar abin da ya bari. Jerin yana farawa 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, ya bi ta 360, 720, 2,520, 5,040 har ya iso ga tamu.

In ka duba jerin za ka ga tsofaffin sani. 12 ita ce dozin. 24 awannin kwana. 60 mintocin awa, wanda asalinshi daga mutanen Babila ne da ke ƙirga da sittin-sittin. 360 digirin da'ira. Mu nan ma ba sai mun tafi nesa ba, Alƙur'ani izu sittin ne, kuma duk wanda ya taɓa zama wajen sauka ya san daɗin haka, in mutum 2 ne kowa izu 30, in 3 ne kowa 20, in 4 kowa 15, in 5 kowa 12, in 6 kowa 10, har 10, 12, 15, 20 da 30 duk yana rabuwa ba a yanka izu ba. Da hamsin ne da mutum uku ma sun rasa yadda za su yi. Aflatun, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, ma da yana tsara garin da yake ganin ya fi dacewa gidaje 5,040 ya zaɓa, saboda tana rabuwa da 1 har 10 da kuma 12. Kuma tunda an zo maganar lokaci, minti 720,720 kwana 500 ne da rabi cif, sakan 720,720 kuma kwana 8 da awa 8 da minti 12.

Akwai wata ƙa'ida mai kyau da duk 'yan wanga jeri ke bi. Dole tubalansu su fara daga 2 su bi a jere ba tsallake, kuma ƙaramin tubali ba ya kasa babba yawa. Dubi tamu: 2 sau huɗu, 3 sau biyu, sauran sau ɗai-ɗai, 4, 2, 1, 1, 1, 1, yana gangarowa. Dalili ba shi da wuya. A ce ka cire 13 ka sa 17 a madadinta, yawan masu rabo yana nan 240 amma lambar ta kumbura ta koma 942,480, ka ga ka biya tsada ka sayi abu iri ɗaya, shi ya sa ma ta fito cikin huɗun can na sama. Ko ka juya, 3 sau huɗu 2 sau biyu, nan ma 240 ne amma lambar ta fi girma. Wanda ke neman rabo mai yawa da lamba ƙarama dole ya cika buhunshi da tubali masu araha tukuna.

Abin da ya fi jan hankalin yara ranar shi ne siffarta, 720 sannan 720. Na ce ma wata yarinya ta faɗi kowace lamba mai gida uku, ta ce 385, na ce rubuta ta sau biyu, 385,385, raba da 7, amsar ki raba da 11, amsar ki raba da 13. Ta danna kalkuleta sai ga 385 ta dawo, ta ɗago ta ce Malam ya anka yi haka? Ba wani siddabaru, rubuta lamba mai gida uku sau biyu daidai yake da ninka ta da 1,001, ita ko 1,001 ita ce 7 × 11 × 13. To 720,720 ita ce 720 × 1,001, kuma 720 ɗin kanta 1 × 2 × 3 × 4 × 5 × 6 ce. An aurar da gida biyu ne, ɗaya ya kawo ƙananan tubali da yawa ɗaya ya kawo manyan ukun. Gwada da kanka, 720,720 raba 7 ya ba da 102,960, raba 11 ya ba da 9,360, raba 13 ya ba da 720. Wata hanyar kuma, 11 × 12 × 13 × 14 × 15 shi ne 360,360, ka ninka biyu ka iso.

Sauran rabe-raben da ake yi mata wasu ba su buƙatar dogon bayani. Shafa'i ce ba wutiri ba tunda da sifili ta ƙare. In ka tara gidajenta, 7 da 2 da 0 da 7 da 2 da 0, 18 kenan, kuma 18 na raba ta, 40,040, irin waɗannan ana ce masu lambobin Harshad. Ba murabba'i ba ce, wato babu lambar da za ka ninka da kanta ta ba ka ita, ta faɗa tsakanin 848 × 848 da ke ba da 719,104 da 849 × 849 da ke ba da 720,801. In bulo 720,720 gare ka kana son ka jera su fili mai kusurwa huɗu, mafi kusa da murabba'i da za ka samu shi ne layi 840 kowane layi 858, kuma siffa 120 daban-daban za ka iya jerawa, rabin 240 kenan. A harshen kwamfuta mai sifili da ɗaya ana rubuta ta 10101111111101010000, gida ashirin, sifili huɗun ƙarshe su ne 2 ɗin nan guda huɗu.

Wanda ya cancanci a tsaya a kai shi ne tsohon rabon nan na gida uku da malaman lissafi na Larabci ke kira tammun, za'idun da naƙisun, wato cikakkiya, mai rara da mai giɓi. Daga Girkawa ya fito, Sabit bin Ƙurra wanda ya zauna Bagadaza ya rasu shekarar 901 yana cikin waɗanda sunka kawo ilimin cikin Larabci sunka kuma ƙara a kai. Yadda ake yi, ka tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimla ta yi daidai da lambar to cikakkiya ce, awa 6 da ke 1 + 2 + 3, ko 28, ko 496, ko 8,128, kuma ba su da yawa ko kaɗan. In jimla ta gaza mai giɓi ce, awa 10 da ke ba da 1 + 2 + 5 wato 8. In ta zarce mai rara ce, ta farkonsu 12. To 720,720 fa? In ka tara duka 240 ɗin za ka samu 3,249,792, ka cire ita kanta saura 2,529,072, ya fi ninki uku da rabi nata. Rara ce ta gaske. Ba sai ka tara su da hannu ba, ana tara na kowane tubali ne a ninka: 31 × 13 × 6 × 8 × 12 × 14, inda 31 ta fito daga 1 + 2 + 4 + 8 + 16, 13 daga 1 + 3 + 9, sauran kuma kowane tubali da ƙarin ɗaya. Miliyan ma mai rara ce amma tata 1,480,437 ce kawai, ko ninki ɗaya da rabi ba ta cika ba.

Kar a ɗauka wasan yara ne kawai. A 1984 wani Bafaranshe mai suna Guy Robin ya nuna cewa tambayar iya yawan rarar da lamba za ta iya yi tana ɗaure da hasashen Riemann, wanda ya shafi yadda gagara-rabo ke bazuwa cikin lambobi, matsalar da ke tsaye tun 1859 ba a warware ba, wadda cibiyar Clay ta Amurka ta sa ma ladan dala miliyan ɗaya a shekarar 2000. Ya sa wata iyaka, ya ce in duk lambobin da sunka wuce 5,040 ba su tsallake ta ba to hasashen gaskiya ne, in ko guda ta tsallake to ya rushe. Kuma in akwai mai tsallakewa, ta farkonsu cikin dangin masu rara sosai irin su 720,720 za ta fito. Ita dai tamu ba ta tsallake ba.

Can ɗaya gefen kuma akwai kishiyoyinta. Gagara-rabo 78,498 ke ƙasa da miliyan, babbarsu 999,983, duk girmanta masu raba ta biyu ne tak. Su ma da aikinsu, wani sashe na tsaron da ke kare saƙonni da hada-hadar banki ta intanet ya dogara ne ga ninka manyan gagara-rabo biyu, don ninkawa sauƙi gare ta amma a ba ka amsar a ce ka nemo tubalan in sun yi girma sosai kwamfuta ma sai ta gaza. Maƙwabtan tamu na kusa ma, 720,719 da 720,721, babu ko ɗaya daga 2 zuwa 16 da ke raba su, tunda duk inda 720,720 ta rabu daidai su sai ɗaya ya ragu ko ɗaya ya gaza.

Da dare na kai ma wani baffana zancen, dattijo ne da ya karanci fara'id a zaure kuma mutanen unguwa kan zo mishi da tambayar gado. Na karanta mishi rabe-raben ya yi shiru yana saurare, sai ya ce ɗana ai wanga shi muke nema kullum in muna fitar da asalin mas'ala, lambar da rabi da rubu'i (1/4) da sumuni (1/8) da sulusi (1/3) da sudusi (1/6) za su fita cikinta ba karaya, shi ya sa muke aiki da 6 da 12 da 24. Na ce Baffa to mu gwada. Munka ɗauka mutum ya rasu, bayan an yi mishi sutura an biya bashi an fitar da wasiyya abin da ya rage Naira 720,720, ya bar mata ɗaya da mahaifiya da ɗiya maza 5 mata 7. Mata sumuni, 90,090. Mahaifiya sudusi, 120,120. Saura 510,510. Namiji rabon mata biyu, maza biyar kaso 10, mata bakwai kaso 7, kaso 17 kenan, na ce a raina to ga 17 ɗin nan da ta gagara ɗazu. Sai ga shi ta shiga, kowane kaso 30,030, namiji 60,060 mace 30,030, ba saura. Dalili, in ka cire sumuni da sudusi abin da ya rage 17 ne cikin 24, to 17 ta shigo cikin saurar da kanta, kuma 510,510 ɗin ba kowa ba ce illa 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 × 17, gagara-rabo bakwai na farko a jere. Wallahi na ji daɗin wanga abu har cikin raina. Misali ne dai na lissafi, rabon gado na gaske wajen malamai da alƙalai ake kai shi.

Baffa bai bar ni haka ba, ya ce to kawo ta ga auli mu gani, wato inda kason magada ya fi asalin yawa sai a rage ma kowa daidai gwargwado. 6 kan hau zuwa 7, 8, 9 ko 10, duk 720,720 ta ɗauke su. 12 kan hau zuwa 13, 15 ko 17, ta ɗauki biyun farko ta kasa ta ukun, in kana son 17 ta shiga sai ka ninka ta kai 12,252,240. Sai 24 da ke hawa zuwa 27, mas'alar da ake kira Mimbariyya saboda an ruwaito Sayyidina Ali yana kan mumbari anka tambaye shi ya amsa nan take: mata, ɗiya mata biyu, uwa da uba. Mata kaso 3, ɗiya biyu kaso 16, uwa 4, uba 4, jimla 27. Nan ma ta kasa, saura 9 ke raguwa, don 27 na buƙatar 3 sau uku ita ko biyu gare ta. Na ce Baffa a ƙara mata 3 guda ɗaya, ta koma 2,162,160, wadda ita ma tana cikin jerin Ramanujan da masu rabo 320. Kowane kaso 80,080, ɗiya kowace 640,640, uwa 320,320, uba 320,320, mata 240,240. Ya karɓi biro ya raba 2,162,160 da tara a bayan wata takarda, ya samu 240,240, ya ce ka gani, sumuninta ya koma ɗaya cikin tara, yadda anka ruwaito amsar.